Lacca ga ɗaliban ungozoma: CMV da zaɓen mai bayar da maniyyi

Assalamu alaikum. Na baya, kuna ji na? To madalla.

Abu uku zan taɓa kan yadda ake tantance mai bayar da maniyyi a asibitocin haihuwa na Amurka. Na farko, ƙanjamau da ciwon hanta na B da C: wanda aka samu da su an sallame shi. Wanda ya tsallake ma sai an daskarar da maniyyinsa wata shida, an sake gwada jininsa, kafin a yi amfani da shi.

Na biyu, shi ne ya kawo ni yau: CMV. Ku rubuta, CMV, wata ƙwayar cuta ce. Danginsu ɗaya da ƙwayar ƙarambau. In ta shiga jiki ta zauna ke nan har abada, sau da yawa ko zazzaɓi mutum ba ya yi. A Amurka fiye da rabin manya sun kamu kafin su kai shekara 40, a nan Afirka kuwa kusan kowa. To in aka kori mai ita, wa zai rage? Shi ya sa ake duba jini. Alamun garkuwar jiki biyu ake nema: IgG tsohon kamu yake nunawa, IgM sabo, kuma mai sabon ake dakatarwa. Sai a gwada matar da za a sa wa maniyyin. In ba ta taɓa kamuwa ba, a ba ta shawarar ta zaɓi wanda shi ma bai taɓa ba. Me ya sa? Kamuwar farko ga mai ciki, nan haɗarin yake. Kusan sau ɗaya cikin uku ƙwayar kan ratsa ta kai ga ɗan tayi. A haifi yaro lafiya lau, ya shekara biyu, uwa na kiran sunansa ta baya, bai waiwayo ba. Kurumta. Kamuwar farko nake faɗa muku, ku ja mata layi.

Na uku kuwa... na ga hannu. Bismillah, 'yata.

(Wata ɗaliba: Likita, tunda addini bai yarda da maniyyin wani ba, ina ruwanmu da wannan?)

Kin yi gaskiya, tun 1980 Azhar ta halatta dashen ciki tsakanin miji da matarsa kaɗai. Amma ƙwayar tana cikin gidajenmu, a yawun yara da fitsarinsu. Mai ciki ta share wa na goye majina da gefen zane, ta tauna masa nama, su sha koko da cokali ɗaya. Ko wadda ta taɓa kamuwa tana iya sake ɗauka. In ta zo awo, ku ce mata ta wanke hannu da sabulu bayan ta cire masa famfas, ta ware masa cokalinsa, in za ta sumbace shi ta yi a goshi.