Inda Gizo Ke Saƙa a Shirin Muhawara

[Hoto: ɗalibi rungume da tarin takardu]

Kun gan shi? Ya fi kowa karatu, kuma shi aka kayar. Abin da ke ɗaure wa jama'a kai ke nan, har ake cewa alƙalai sun yi son kai. Ba su yi ba.

Tattara bayanai, gwaji gaban madubi, haddace "shugaba, alƙalai masu adalci, mai kula da lokaci", duk kun iya. Mu wuce.

[Hoto: an rubuta a allo, "A hana ɗalibai zuwa makaranta da waya"]

To, tsaya nan. A ce kai ne mai goyon baya. Me za ka fara nema? Illar waya, ko? Tana ɗauke hankali, tana hana barci, ana satar amsa da ita. Ka cika shafi biyar kana murmushi. Sai abokin karawarka ya miƙe ya ce: "Duk mun yarda. Mu dai cewa muka yi a ajiye ta wurin malami lokacin darasi, a karɓa in an tashi." Shi ke nan, wahalarka ta tashi a tutar babu, domin ka kare abin da ba wanda ya musa.

Gardamar tana tsakanin hani baki ɗaya da sa ƙa'ida. Saboda haka kafin ka taɓa Google, rubuta hujjar ɗaya ɓangaren mafi ƙarfi, kamar kai za ka faɗe ta. Abin da kuka yi tarayya a kai, soke shi. Ragowar ce abin bincikenka.

[Hoto: taswirar Faransa]

Faransa ta kafa dokar hana ɗalibai amfani da waya a 2018, a firamare da ƙaramar sakandare. Kada ka ambata kawai ka wuce. Me ya sa ba a bar wa kowace makaranta ta yi tata ƙa'idar ba? Wa ke da ikon ƙwace wayar? Yarinyar da gidansu ke nesa, da me za ta kira gida? Nan alƙali ke kasa kunne.

[Hoto: agogo]

A gasar jami'o'i ta duniya, minti 15 kacal ake ba ka bayan an faɗi maudu'i, babu intanet, sannan ka yi jawabin minti 7 tsakanin ƙungiyoyi 4. Ni a ganina, gara ka ƙarar da minti biyar na farko kana tambayar abokin ƙungiyarka: "Su kuma me za su ce?"