Hayaƙin Takalmin Ɗan Katun: Ina Gaskiya, Ina Ƙarya?

Assalamu alaikum. 'Yan'uwa, na san babu wanda bai taɓa gani ba a cikinku: ɗan katun ya sheƙo a guje, ya ci birki da dugadugansa, ƙura ta turnuƙe, hayaƙi na fita daga takalminsa. Da yawa kan ce hayaƙin nan shi ne ƙaryar. Ni kuwa a ganina, nan ne masu zanen suka fi kusa da gaskiya.

Kowa ya murza tafukan hannunsa da ƙarfi. Kun ji ɗumi ko? To, aikin gogayya ke nan. Kuzarin motsi ba ya ɓata, rikiɗewa yake ya koma zafi. A shekarar 1798 wani masanin kimiyya mai suna Count Rumford ya bayyana gwajin da ya yi a birnin Munich na Jamus, inda ake huda bututun igwa. Ya nutsa ƙarfen a ruwa, dawaki suna juya dakusasshen mahudi a jikinsa, cikin kimanin awa biyu da rabi ruwan ya tafasa, ba itace ba wuta.

Bari mu yi lissafi. Mutum mai nauyin kilo 60 yana gudun mita 10 a daƙiƙa, gudun zakarun tsere ke nan, kuzarinsa jul 3,000 ne (jul shi ne ma'aunin kuzari). Litar ruwa ɗaya ma ba zai ƙara mata digiri guda ba, balle a ga hayaƙi. Amma abin mamakin, in ka ninka gudu sau goma, kuzari sau ɗari yake ninkuwa. Ɗan katun mai gudun mita 100 a daƙiƙa yana ɗauke da jul 300,000, kuma kaso mai tsoka zai taru ne a kan 'yar siririyar robar da ke taɓa ƙasa. Dole ta ƙone. Ku lura da tayar jirgin sama a lokacin da ta dira kan titi, hayaƙi za ku gani, tuƙuƙu.

Haka in ya sulalo daga igiya. Tsawon mita 10 kacal, kusan jul 6,000 ne zai bi ta tafin hannu. Zafin ba shi da yawa, wurin da ya taru ne ƙarami, shi ya sa fata ke saɓulewa. Don Allah ku ja wa yara kunne kan wannan, suna kwaikwayon abin da suka gani.

To ina ƙaryar take? Tana wurin tsayawar. Roba a kan busasshiyar kwalta, iyakar abin da za ta iya rage maka daga gudunka a kowace daƙiƙa kusan gudun mita 10 ne. Mai gudun mita 100 kuwa, sai ya yi ta zamewa kimanin daƙiƙa goma, ya shafe wajen rabin kilomita kafin ya tsaya cak. Ɗan katun a taku ɗaya yake tsayawa. Da mutum ne ya yi haka cikin mita guda, ƙarfin da zai dake shi ya kai nauyin jikinsa sau 500, kuma ba ƙashin da zai ɗauka.