Gara mai cin amanarka da mai yin shiru: wasan Diplomacy ta gidan waya

Assalamu alaikum jama'a. Yau raina a ɓace yake, ga sanyin Ingila ga yayyafi, ga kuma takardar alƙalin wasa a hannuna. Ku duba nan da kyau: mai riƙe da Ostiriya bai aiko da umarni ba. Rundunoninsa tsaye cak, Italiya da Turkiyya na ta gutsurar ƙasarsa a banza, mu da ke yamma muna kallo.

Ga wanda bai san wasan ba, Allan Calhamer ne ya ƙirƙiro shi a Amurka, ya shiga kasuwa a 1959. Taswirar Turai ce ta 1901, ƙasashe bakwai: Ingila, Faransa, Jamus, Italiya, Ostiriya, Rasha da Turkiyya. Cibiyoyi 34 ne, wato yankunan da yawansu a hannunka ke ƙayyade yawan rundunarka, wanda ya kama 18 ya ci. Kowa na farawa da runduna uku, Rasha huɗu. Ba sa'a a ciki ko kaɗan, bakinka da alƙalaminka ne makaminka. A 1963 John Boardman ya fara gudanar da shi ta wasiƙa a New York, kuma har yau akwai masu nacin takarda da ambulan duk da intanet. Wasiƙa shida ga abokan wasa, ɗaya ga alƙali, kan sarki kaɗai ya lashe maka sama da fam goma a zagaye ɗaya. Wasa guda kuwa yakan ci shekara biyu.

To shekara biyu mutum shida sun zuba kuɗi da tunani, kai ka ɓace ba sallama? Wallahi wannan ya fi cin amana ciwo. Ƙarya ga abokin wasa doka ta yarda da ita, kowa ya sani kafin ya zauna. Shirun nan ne ke rusa komai, domin maƙwabcin wanda ya gudu yakan samu cibiya uku ko huɗu ba da wayonsa ba. In ka gaji, rubuta wa alƙali layi biyu, haɗa da umarninka na ƙarshe, ya saka ɗan jiran gado a kujerarka. Kuma ina gargaɗinku, ranar da sakamako ya iso ku aika umarnin wucin gadi. In shawara ta canza sai ku aika sabo mai kwanan wata, na baya-bayan nan ake ɗauka. A nan Ingila yawanci har inda rundunarka za ta ja da baya in an fatattake ta, da inda za ka gina sabuwa, a takarda ɗaya ake so. In ka manta, a cire maka runduna.

Rubutun umarnin ma da tarko. Jirgin ruwa daga tsakiyar Atlantika zuwa Sifaniya, sai ka faɗi gaɓar arewa ce ko ta kudu, in ba haka ba jirgin bai motsa ba. Ka yi alkawarin mara wa aboki baya zuwa Beljiyam, dole abin da ka rubuta ya dace da nasa daidai, daga ina zuwa ina. Wasu ma da gangan suke lalata rubutun, su ce hannu ne ya goce. An yarda da wannan. Abin da ba a yafewa shi ne yaudarar alƙali, kamar aika masa umarni da sunan wani. Kora ce kai tsaye.

Wani abu da ke ba ni mamaki, Bature zai buɗe wasiƙa da buƙatarsa tun layin farko. Mu da muka tashi da ina kwana, ina gajiya, yaya iyali, a nan mun yi musu nisa, ba yabon kai ba. Gaisa da kowa tun 1901, wato farkon wasa, har wanda ke can ƙarshen taswira, domin Turkiyya da Ingila sukan buƙaci juna in wani ya kai cibiya 14. Sannan nemi abu ƙarami mai saukin tabbatarwa: Faransa da Ingila su bar mashigin ruwan da ke tsakaninsu fayau, Rasha da Ostiriya su bar yankin Galisiya da ke kan iyakarsu, ko Rasha da Turkiyya su shirya karo a Bahar Aswad kowa ya koma inda yake. Wanda ya cika ƙaramin alkawari, ka fara gina babba da shi. Kada dai ka rubuta abin da ba ka so a gani, domin akwai masu tura wasiƙarka ga wanda ka yi gulmarsa.

In za ka juya wa aboki baya, yi shi a zagayen kaka (kowace shekarar wasa tana da zagayen bazara da na kaka), domin bayan kaka ake ƙirga cibiyoyi. Ka yi a bazara, ka ba shi zagaye guda ya ƙwace abinsa. Kuma kada ka yi don cibiya ɗaya, sai biyu ko uku, yadda zai rasa runduna kai ka ƙara. Washegari rubuta masa, faɗa masa dalilinka a kan taswira, ba gori. Shi ma wanda aka yi wa, ya riƙa aiko da umarni ko da runduna ɗaya ta rage masa, domin runduna ɗaya a Munich ko Tunis tana iya hana mai 17 kaiwa 18. Haushin wannan wasa kuma kada ya biyo ku cikin na gaba, alƙalai da yawa ba sa lamuntar haka. Bari in rufe ambulan ɗin nan kafin mai ɗiban wasiƙu ya wuce, sai mun haɗu.