Idan taurari suka yanke tare a lokaci guda

Assalamu alaikum, jama'a. Wata ɗaliba ta tambaye ni abin da ta gani a tsakar gidansu da dare a watan Disamba: taurari huɗu ko biyar sun yanke tare, a jere, kamar an watsa tsakuwa. Shin dutse ɗaya ne ya fashe?

Da farko, abin da muke cewa tauraro ya yanke, ɗan ɓarɓashin dutse ne, galibi bai fi ƙwayar gero ba, yana shigowa iskar duniya da gudun kilomita 11 zuwa 72 a daƙiƙa, ya ƙone a nisan kilomita 100 ko kusa da haka. Akwai darare da suke yawa, saboda duniya tana ratsa ƙurar da tauraruwa mai wutsiya ta bari a hanyarta. Na 12 da 13 ga Agusta ƙurar wata mai wutsiya ce da ake kira Swift-Tuttle, sai dai a nan Maraɗi hadarin damina kan rufe mana su. Na 13 da 14 ga Disamba daga Phaethon suke, wani ƙaton dutse mai zagaya rana, kuma su ne namu, in hazo bai yi kauri ba.

To amma wannan ruwan taurari ne na dare guda. Tambayarki, 'yata, a kan daƙiƙa biyu ce ko uku.

Wani lokaci dacewa ce kawai. Wani lokaci dutsen a cikin iska yake tarwatsewa, sai ki ga layi ɗaya ya taho, can ya rabu. Amma idan kowane ɗaya ya kunnu a gurbinsa, suka tafi a jere, to sun rabu tun kafin su iso mu. An ɗauki irin wannan da kyamara a ƙasar Cek a Satumban 2016, kuma masu binciken sun fi karkata ga cewa zafin rana ne ya fasa dutsen.

Ku tuna kofin shayi na kwalba da sanyin hunturu ya kama. Mai shayi ya tsiyaya ruwan zafi, sai ku ji ƙas! Haka dutsen yake: gefe ɗaya na gasuwa, ɗayan na daskarewa, har ya tsage. Abin da ya fi burge ni shi ne, hasken rana kansa yana tura ƙananan gutsattsarin fiye da manya. Daga tazarar da ke tsakaninsu ake lissafa yaushe suka rabu, awanni ne ko 'yan kwanaki.

Wani bawan Allah can baya yana tambaya ko suna faɗowa ƙasa. Irin waɗannan a sama suke ƙarewa. Manya ne ke isowa, kamar na Zagami a ƙasar Katsina, maƙwabtanmu, wanda ya faɗo a 1962, kilo 18, daga baya aka gano daga duniyar Mars ya fito.

Saura wa ke da tambaya?