Kejin Ƙarfe da Hanyar Mai a Motar Tseren Mita 402

Assalamu alaikum jama'a. Motar nan da kuke gani an cire mata kujeru, an ɗaye kafet, an sauke rufin ciki, ba abin da ya rage sai ƙarfen bodi. Muna wani gareji ne a Sabon Garin Zariya, kuma yau za mu duba abubuwa biyu da ya kamata a gama da su kafin a ƙara wa inji ƙarfi ko na doki ɗaya: kejin ƙarfen da ke kewaye direba, da hanyar da mai ke bi daga tanki zuwa inji.

Tseren da ake shirya ta dominsa ba shi da kwana. Motoci biyu ne za su jera, fitila ta ba da kore, kowa ya taka har ƙarshen kwata na mil, wato mita 402. Ƙungiyar NHRA ta Amurka, wadda Wally Parks ya kafa a 1951, ita ce ta fi kowa tsara dokokinsa, kuma dokokinta muke bi a nan. Da yawa daga cikinsu bayan an yi rashi aka rubuta su. A 2008, da direba Scott Kalitta ya rasu a filin tsere, sai aka rage tsawon tseren motocin da suka fi kowa gudu zuwa mita 305 don a sami wurin tsayawa.

A dokar tasu, motar da ke cinye mita 402 cikin daƙiƙa 11.49 ko ƙasa da haka dole ta sami gammon bututu a bayan kan direba. In ta sauko ƙasa da daƙiƙa 10, ko gudunta ya wuce kilomita 217 a awa, sai cikakken keji. A ganina, a irin motocin da muke samu, waɗanda suka sha hanya suka sha damina kafin su iso hannunmu, gara a yi cikakken kejin tun farko.

Ku dubi bututun nan guda biyu. Na hagu fayif ɗin ruwa ne, irin wanda ake ƙofar gida da rumfa da shi. Yana da nauyi, yana da arha, ko ina za ka same shi. Kada ya shiga motarka. An yi shi ne don ya riƙe ruwa, in ka leƙa cikinsa za ka ga layin ɗinki, kuma in aka buge shi da ƙarfi ta nan yake tsagewa. Ga farin tutiyar da aka shafa masa, wanda ke ɓata walda, hayaƙinsa kuma ya kwantar da mai aikin da zazzaɓi. Na dama shi ne na aikin. Faɗinsa inci 1 da 5/8, kusan milimita 41, kaurin jikinsa milimita 3 in ƙarfe ne na yau da kullum. Akwai wani ƙarfen mai lamba 4130 da ake ce wa kuromoli, shi milimita 2.1 ya isa, don haka kejin ya fi sauƙin nauyi. Amma shi ba a yarda a haɗa shi da kowace walda ba sai ta TIG, mai iskar agon. Ƙarfen yau da kullum an yarda da MIG, wato walda mai zaren waya, ko TIG. Waldar sanda da muka saba gani a bakin titi ba ta cikin lissafi. In babu na'urar TIG da hannun da ya ƙware a kanta, a ɗauki ƙarfen yau da kullum, hankali kwance. Kuma kada a yarda da maganar mai shago a kan kauri: a sa ma'auni a auna.

Lanƙwasa bututun ma da injinsa, mai gammo daidai girman bututun. Wasu sukan cika shi da yashi, su gasa da wuta, su murɗa. Ku matso ku ga abin da hakan ke haifarwa: cikin kwanar ya tattare, bayanta ya yi siriri ya baje. Ranar da mota ta kife, nan ne zai fara durƙushewa.

Yanzu ga wurin da na fi so ku tsaya ku kalla da kyau, wato ƙafar keji. Daɓen irin wannan mota falle ne siriri. In ka ɗora bakin bututu a kansa kai tsaye ka yi walda, nauyin motar na sauka a rufi bututun zai huda daɓen ya wuce ƙasa, kejin gaba ɗaya ya nutso a kan direba alhali ko tanƙwara bai yi ba. Shi ya sa kowace ƙafa take zama a kan faranti na ƙarfe, inci 6 a tsaye inci 6 a kwance, kaurinsa milimita 3 da ɗoriya, a lanƙwasa shi ya bi siffar daɓen, a haɗe shi ta kowane gefe. Kafin nan kuma a kankare fenti a duba tsatsa. Ogan garejin nan ya sa sukudireba ya danna nan kusa da ƙofa, ga shi ta shige. Wannan wurin sai an yanke an sa sabon ƙarfe, in ba haka ba farantin a kan iska yake zaune.

Babban gammon yana tsayawa ne a bayan direba, kada ya yi nisa da hular kwano fiye da inci 6, kuma ya ɗara saman hular. Don haka ba a auna shi da mota babu kowa. Direban ya zauna a kujerar da zai yi tsere da ita, da hularsa a kai, sannan a ja layi. Daga gammon sai ƙafafu biyu su koma baya, biyu su bi rufi su sauka gaba, ɗaya ya gitta kowace ƙofa tsakanin kafaɗa da gwiwar hannu. Ku lura duk inda aka sami kusurwa huɗu ana neman a raba ta gida biyu da bututun karkace, kamar yadda kafinta ke yi wa katakon rufin kwano, domin kusurwa uku ba ta gocewa. Bututun da ya gitta bayan kujera shi ke riƙe bel na kafaɗa. Kada ya fi kafaɗa tsawo, kada kuma ya yi ƙasa da ita fiye da inci 4, saboda in ya yi ƙasa sosai bel ɗin zai danne ƙashin baya lokacin karo.

Kowace mahaɗa sai an yanke bakin bututu ya rungumi ɗan uwansa ba tare da rata ba, kuma walda ta zagaye ta duka, har saman da ke manne da rufi inda ido ba ya kaiwa. Dabarar ita ce a huda daɓe, a zura ƙafafun ƙasa don saman ya sauko a haɗe shi, sannan a ɗaga a zura farantan. Ba a goge waldar keji da giranda don ta yi kyau, doka ta hana, saboda gugar tana ɓoye aibi. In wutar lantarki ta yi ƙasa kuma, a dakata, don walda ba za ta ratsa ba. Waldar da ba ta ratsa ba kan yi kyau a ido. A ƙarshe duk inda hula za ta iya taɓa ƙarfe a naɗa masa soso mai tauri na musamman.

Kafin a kunna wutar walda ko sau ɗaya, a fitar da tankin mota gaba ɗaya daga garejin. Tankin da babu mai a ciki ya fi cikakke haɗari, don tururin fetur ne ke fashewa.

To, mu koma kan man. A but za a kafa ƙaramin tankin tsere, a ɗaure shi da maɗaurin ƙarfe, a yi masa bango na falle tsakaninsa da direba, a toshe kowace kafa. Mashaƙarsa ta fita wajen mota, da bawul mai rufe kanta in mota ta kife. Mafitar man tana baya ne kuma a ƙasa, domin ƙarfin da ke manna direba da kujera lokacin tashi shi ke kwashe man ya tara shi baya. In mafita na gaba, famfon da ke tura mai zai zuƙi iska a daidai lokacin da inji ya fi ƙishi, mai ya yi kaɗan, zafi ya hau, fistin ya narke.

Lissafin famfo ba wuya. Injin fetur mai ƙarfin doki 500 yana shan kusan lita 150 a awa in an take shi har ƙasa, sai a sayi famfon da ya fi haka. Kafireta tana son matsin da bai wuce 6 zuwa 7 a ma'aunin psi ba, injin feshi kuwa, wato mai injekta, kusan 43, don haka famfon wannan ba ya yi wa wancan. Masu amfani da man metanol a madadin fetur su ninka lissafin kusan biyu, su kuma sani wutarsa ba a cika ganinta da rana ba. Filta biyu ake sawa, mai manyan ramuka kafin famfo, mai ƙanana bayansa, kuma da ƙurar hunturunmu da man jarka ba zan rage ko ɗaya ba. Famfon ya sami waya mai kauri ta kansa daga batir, da fis ɗinsa.

Layin man ta ƙarƙashin mota yake bi, ba ya shiga inda direba ke zaune, kuma a nisanta shi da salansa da duk abin da ke juyawa. Na ƙarfe ne ko tiyo mai saƙar waya; tiyon roba zalla inci 12 kacal aka yarda da shi a motar gaba ɗaya, don haɗi. In an mayar da batir baya, a sa makunni a bayan mota wanda mai ceto zai buga ya kashe inji da famfo a lokaci guda.

In an gama haɗawa, a tura motar waje, a ajiye abin kashe gobara kusa, a kunna famfo kaɗai ba tare da an tayar da inji ba. A bi kowace mahaɗa da farar takarda, daga tanki har gaba, sannan a kashe famfon a zuba wa ma'aunin matsin mai ido. A injin feshi, in allurar ta zube nan take, a koma a nemi inda yake yoyo kafin a murɗa makulli.