Magani kyauta ne, kuɗin keke fa?

Sani: Jama'a barkanmu da warhaka, daga nan Jos. Anti Rabi, ke da kika daɗe a aikin jinya, me ke sa mai tarin fuka ya daina shan magani alhali kyauta ake ba shi?

Rabi: Kyauta ne, amma wata 6 ake yi ana sha. Mutum yana Anguwar Rogo, an ce ya riƙa zuwa JUTH, wato Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos, a Lamingo. Kuɗin keke zuwa da dawowa fa? Ranar da ya je kuma ba fita nema. Da tarin ya lafa sai ya ɗauke ƙafa, cutar ta dawo, wani sa'in ma ta ƙi jin magani.

Hauwa: To Anti, ai wannan ba aikin likita ba ne. Shi zai biya masa keke?

Rabi: Ba zai biya ba, ƙanwata, amma zai iya tambayar inda yake zaune, a mayar da shi ƙaramin asibitin unguwarsu ya riƙa karɓa a can. Manyan asibitoci kuma suna da ma'aikatan walwalar marasa lafiya, sai dai mutane da yawa ba su san da su ba. Ga mai ciwon suga: an rubuta masa insulin, ita kuwa ba ta son zafi, gidan ba firij. In ma'aikaciya ta sani, sai ta nuna masa dabarar ajiye ta a sanyin randa. In ya yi allurar cikinsa ba komai, sugan ya faɗi, sai a kwaso shi a sume.

Sani: Maganar kuɗi kuma, dokar lafiya ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya don kiwon lafiya a matakin farko, ga kuma PLASCHEMA, hukumar inshorar lafiya ta jiha, a nan Filato.

Hauwa: Wa zai yi wa tsohuwa a Gangare bayanin rajista? Kuma Yaya Sani, ka san mutanenmu. Magidanci ba zai buɗe baki ya ce gidansa ba hatsi ba.

Rabi: Shi ya sa ba a tambaya a kan layi, jama'a na ji. Ni in na keɓe da mutum cewa nake, Baba, me aka dafa jiya da dare? In ya yi shiru ya sunkuyar da kai, na samu amsata, sai in raka shi ofishin walwala da kaina.