Idan Ka Ga Noti Ya Kwance a Wurin Wasan Yara

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da wannan lokaci.

Duk ranar Sallah da kashegarinta, haka ma cikin hutun ƙarshen shekara, za ka ga motoci maƙare da yara suna fita daga unguwannin Legas irin su Agege da Idi-Araba da Obalende da Mile 12 da Alaba Rago. An ci ado, an sha lalle, an nufi wuraren wasa. Wasu su yi Apapa, wasu su tsallaka Lekki har Omu Resort can wajen Bogije, wasu su bi titin Ibadan zuwa Hi-Impact. Wanda aljihunsa bai kai nan ba sai ya tsaya a filin unguwa, inda wani ya kafa lilon ƙarfe da katifar iska na 'yan kwanaki. Sharhinmu na yau a kan waɗannan na'urori ne da muke ɗora 'ya'yanmu a kai, da kuma abin da ya rataya a wuyanmu idan idonmu ya ga abin da bai yi daidai ba a jikinsu.

Mu fara da ƙarfen kansa. Duk wanda ya zauna a Ikko ya san yadda garin nan ke cin ƙarfe. Iskar teku tana ɗauke da gishiri, ga laima, ga ruwan sama da ke shafe watanni yana zuba. Ƙofar gidan da za ta yi shekaru a Kano ko Sakkwato ba ta ce uffan ba, a Lekki ko Apapa kafin ka ankara gindinta ya fara ruɓewa. Lilon da ke ɗaga mutum ashirin sama yana wujijjiga su shi ma ƙarfe ne, ba shi da wani laƙani da zai hana shi tsatsa. Mugun abin kuma shi ne tsatsa takan ci daga ciki. Bututu zai sha fenti ja da ruwan ɗorawa yana ƙyalli, alhali ruwa ya kwanta a cikinsa yana rage masa kauri. Abin da ya faru ke nan a jihar Ohio ta Amurka a watan Yulin 2017, lokacin da wani lilo mai suna Fire Ball ya ɓalle yana cikin juyi, wani matashi ɗan shekara 18 ya rasu, mutum bakwai suka jikkata. Kamfanin da ya ƙera lilon ya ce tsatsa ce ta cinye cikin ƙarfen da ke riƙe da kujerun. A ƙarshen Yulin 2025 ma wani lilon ya karye gida biyu a Ɗa'ifa ta ƙasar Saudiyya, mutum fiye da 20 suka ji rauni.

Ga kuma maganar wuta. Galibin wuraren nan da janareto suke aiki, ko kuma suna sauyi tsakaninsa da wutar gari. Wayoyi sukan bi ta ƙasa, ta cikin ciyawa, ta gefen kwatami, wani wurin an haɗa biyu an naɗe da salatif. Yaro kuwa takalminsa yake cirewa kafin ya hau katifar iska, ya sauko ƙafa ba takalmi ya taka jiƙaƙƙiyar ƙasa. Ita kanta katifar iskar, da muke gani kamar ba ta da wata illa, sai an kafe ta da turaku ta kowace kusurwa. A watan Disambar 2021, a tsibirin Tasmaniya na Ostareliya, iska ta ɗaga irin wannan katifa sama da yara a kanta ranar bikin rufe makaranta, yara shida suka riga mu gidan gaskiya. Kowa ya san irin guguwar da ke riga hadari isowa a garin nan.

Amma ƙarfe da waya ba su cika kashe mutum su kaɗai ba, sai da hannun ɗan Adam. A ranar 25 ga Oktoban 2016 mutum huɗu suka mutu a wurin wasan Dreamworld na can Ostareliya, a wani wasan kwale-kwale. Famfon da ke tura ruwan ya tsaya, ruwa ya ja baya, kwale-kwale ya yi karo da wani ya kife. Bincike ya nuna cewa famfon ya riga ya tsaya har sau biyu a wannan ranar, ana tayar da shi ana ci gaba da ɗiban mutane. A Ingila kuma, a wurin wasan Alton Towers, ranar 2 ga Yunin 2015, kwamfutar da ke kula da wani jirgin wasa ta tsayar da shi domin ta gano wani tarago a tsaye a kan hanya. Injiniyoyi suka ɗauka kuskuren na'ura ne, suka danne gargaɗin, jirgi mai ɗauke da mutum 16 ya je ya daki wanda ke tsaye. 'Yan mata biyu sai da aka yanke musu ƙafa, kotu kuma ta ci kamfanin tarar fam miliyan 5. A duka biyun na'ura ta yi magana tun da wuri. Mutanen da ke wurin ne suka zaɓi kada layi ya tsaya.

Idan haka ta faru a ƙasashen da sufeto ke yawo da takarda, sai mu yi tunanin ranar Sallah a nan, ranar da mai wuri yake sa ran mayar da kuɗin man janareto da haya da albashin wata da watanni. Tsayar da lilo na sa'a biyu asara ce da yake gani da idonsa. Kayan gyara kuwa da dala ake sayo su daga waje, don haka sau da yawa mai walda na bakin titi ake kira ya ɗan liƙa.

Kada a fahimce ni a baibai. Nauyin farko a kan mai wuri yake. Shi ya karɓi kuɗin tikiti, shi ya kamata ya duba kowane noti da kowace ɗamara kullum safiya kafin ya buɗe ƙofa, ya ajiye littafin da ake rubuta abin da aka duba da wanda aka canza. Bayansa sai gwamnati, wadda ta kafa Hukumar Kiyaye Haɗura ta Jihar Legas domin irin wannan aiki. Allon nan da ake kafawa a bakin ƙofa, wai duk abin da ya same ka kai ka jiyo, ba ya wanke wanda ya bar na'urarsa ta lalace. Sai dai makanike sau ɗaya yake zagayawa da safe, in ma ya zagaya. Daga nan har dare, idanun da ke kan na'urar namu ne, mu da muke tsaye a layi ba mu da aikin yi sai kallo.

Ga abin da kallo ya taɓa yi. A ƙarshen watan Yunin 2023, a wurin wasan Carowinds na Amurka, wani magidanci da ya kai yara ya ɗaga kai ya kalli ginshiƙin wani jirgin wasa mai suna Fury 325, mai tsayin ƙafa 325. Sai ya ga ginshiƙin ya tsage, duk sanda jirgi ya wuce da mutane sai tsagin ya buɗe ya koma. Ya ɗauki bidiyo ya nuna wa ma'aikata. Da ya ga ba a ɗauki abin da zafi ba, bai ce ai na fita haƙƙinsu ya kama gabansa ba, ya buga wa 'yan kwana-kwana waya. A ranar aka rufe jirgin, daga baya aka cire ginshiƙin aka sa sabo. Dubban mutane sun bi ta wurin. Ba mamaki wasu ma sun hanga, suka ce ai masu wurin sun fi su sani.

Mu fa, yaya muke yi? Na taɓa tsayawa a wani wurin wasa a nan garin, ba sai na kama suna ba, ina kallon wani lilo mai kujeru rataye da sarƙa. Ɗamarar kujera ɗaya maƙullinta ya karye, an ƙulle ta da igiyar leda shuɗiya, irin wadda ake ɗaure buhun albasa. Yaron da ke tuƙa na'urar bai wuce shekara ashirin ba, tun safe yake cikin rana, hannu ɗaya a kan makunni, ɗaya riƙe da waya. Wata baiwar Allah ta lura, ta ce wa maigidanta ƙasa-ƙasa, “Alhaji, dubi bel ɗin can.” Ya duba, ya ce, “Allah ya kiyaye. Ke dai ɗauke Ummi ki sa ta a waccan.” Aka ɗauke Ummi aka sa ta a kujera mai lafiya. Kujerar mai igiya kuwa ba ta yi minti ɗaya a wofi ba, wani yaron ya haye, uwarsa tana can gefe tana ɗaukarsa hoto. Sai da wani dattijo ya taka ya je ya tsaya gaban mai tuƙin ya ce ba za a kunna ba sai an kira manaja, sannan aka sauke yaron aka ɗaure kujerar a gefe.

Alhajin nan ba mugu ba ne. Halin da yawancinmu muke da shi ne. Akwai kunya, akwai gudun a ce mun cika fitina, akwai kuma tunanin cewa mu baƙi ne a garin mutane, gara mu lallaɓa mu rabu lafiya. Wani yana jin Turancinsa ko Yarbancinsa ba zai kai shi ba. Wani kuma tausayi yake ji, kada ya yi sanadin korar yaro daga aiki. Duk na ji. Amma wanda ya biya kuɗin ƙofa ba alfarma aka yi masa ba, kuma nuna karyayyen maƙulli da yatsa ba ya buƙatar Turanci. Yaron da ake tausaya wa ma, ranar da wani ya faɗo shi 'yan sanda za su fara kamawa, mai wurin yana gida. Addu'ar Allah ya kiyaye gaskiya ce, amma addinin da ya koya mana ita shi ne ya ce kawar da abin cutarwa daga hanya sadaka ce.

Akwai kuma sabon salo, na a ɗauki bidiyo a yi shiru, sai an koma gida a saka a TikTok ko Facebook. Bidiyo yana da ranarsa. A farkon 2024 wani bidiyo ya yaɗu yana nuna wuraren da suka lalace a gadar sama ta Cibiyar Adana Namun Daji ta Lekki, gadar nan mai tsawon mita 401, kuma yaɗuwarsa ta sa gwamnatin jiha ta shiga maganar gyara. Sai dai tsakanin lokacin da ka ɗauki bidiyo da lokacin da zai kai idon hukuma, mutum nawa ne za su hau? Ɗauki hotonka domin shaida, amma fara da wanda hannunsa ke kan makunni.

Faɗar ma tana da yadda ake yin ta. Ka ce “wannan abin bai da kyau” ba ta isa ba, za a ce maka haka yake. Ka faɗi wace na'ura, wace kujera, me ka gani ko me ka ji: noti ya kwance, walda ta buɗe, sandar da ke danne cinya ba ta kama ba, ƙara ta sauya, ana jin ƙaurin waya, ƙarfe ya ja ka da ka taɓa shi. Wannan na ƙarshen kada ka raina shi ko kaɗan ne, alama ce wuta tana zuba a jikin na'urar. Idan mai tuƙi ya share ka, nemi manaja, ka tambayi sunansa, ka tsaya har ka ga an tsayar. Ka gaya wa iyayen da ke bayanka a layi, domin babu abin da ke saurin motsa mai kasuwa kamar ya ga layi ya watse. Idan aka ƙi ji kuma rai yana cikin haɗari, lambobin gaggawa na jihar nan 767 ne da 112, kyauta ake kira. Bayan nan akwai hukumar kiyaye haɗuran, akwai hukumar kare haƙƙin masu saye ta jiha, wato LASCOPA, da ta tarayya, FCCPC. Wataƙila a duba a ga ba komai, ka ɗan ji kunya, layi ya yi maka tsaki. Wannan araha ce.

Wani lokacin kuma haɗarin mu ne muke kawo shi da hannunmu. Sandar awon tsayi da ke bakin kowace na'ura ba don ado aka kafa ta ba. An ƙera ɗamarar ne daidai wani jiki, yaron da bai kai ba zai iya zamewa ta ƙasa. Amma sai ka ga uba yana roƙo, “Oga, taimaka, daga nesa muka zo,” har ya cusa wa mai tuƙin ɗari biyar. Mai tuƙin da ya ƙi karɓa ya fi ka son ɗanka a wannan lokacin. Haka hijabi mai jan ƙasa da gyale da babbar riga: duk abin da zai iya shiga cikin sarƙa ko ƙafar ƙaramar motar tsere, a tattare shi a soke kafin a zauna, ko a haƙura da wannan wasan.

Magana ta ƙarshe ga malaman Islamiyya da ƙungiyoyin unguwa da ke cika bas da ɗalibai su kai su yawon buɗe ido. Iyaye sun ba ku amanar yara hamsin ko sittin, malami biyu ko uku ba za su iya sa ido a kan kowa ba. Ku tura mutum ɗaya tun kafin ranar, in da hali wanda ya san ƙarfe ko wuta, ai ba mu rasa makanikai da masu walda a cikinmu ba. Ya zagaya, ya tambayi yaushe aka yi wa na'urorin duba na ƙarshe, wa ya duba, ina akwatin taimakon farko, wane asibiti ne mafi kusa idan aka yi la'akari da cunkoson hanyar. Idan manaja ya amsa ba tare da ɓata rai ba, ku kawo yaran. Idan ya fara kame-kame, wuraren wasa ba ɗaya ba ne a Legas, ku juya bas ɗin zuwa wani.